Ciwon Firostat: A Tambayi Mai Jikin

A Garazu da sauran ƙauyukan Alakos, cikin gundumar Gure, idan fitsari ya fara wahalar da dattijo, ba ya gaya wa kowa. Yakan tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, ya yi ta yunƙuri, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan. Sai ranar da ya tsaya cak, mara ta kumbura, sannan a ɗaura amalanke a nufi gidan likita.

Abin da ke jawo wannan, sau da yawa, wani ɗan ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, ya zagaye hanyar fitsari. Likitoci na kiransa firostat. Yakan girma da tsufa, kuma yawanci ba ciwon daji ba ne. Amma wani lokaci shi ne. Majo zai iya sa roba ya sauke fitsarin, sai dai gane ko daji ne yana bukatar awon jini da ake kira PSA, da dubawar likita, da ɗibar ɗan nama a auna. Don haka akan ba da takarda zuwa Gure, daga nan zuwa babban asibitin Damagaram.

Tun daga nan shawara ke farawa: wace akuya za a sayar, wa zai raka shi, a tafi yanzu ko sai an gama girbi. Akan yi ta a zaure, mai ciwon na kwance a ɗaki.

A Damagaram ma haka. Likita yakan yi bayani da Faransanci ga ɗan da ya yi lakwal, tsohon na zaune yana kallon bakinsu. Alhali maganin ba hanya ɗaya ba ce, kuma kowace da abin da take ci. Idan ciwon ƙarami ne mai tafiyar hawainiya, ana iya barinsa ana sa ido da awo. Idan bai bazu ba, akwai aikin cire firostat, wanda kan rage ƙarfin namiji, wani kuma ya bar shi da yoyon fitsari. Ga mai kula da alwala wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai gashi da haske, wanda aka soma a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a 2021, amma Yamai na da nisan wajen kilomita 900 daga Damagaram, kuma zaman makonni ne.

Idan ya riga ya shiga ƙashi, to sai a hana shi abincinsa, wato sinadarin maza da maraina ke yi. Wani likitan Amurka, Charles Huggins, shi ya nuna haka a 1941. Ko dai allura kowane wata ko wata uku, da tsada da zirga-zirga, ko ɗan aiki sau ɗaya a maraina wanda ba ya komawa. Dukansu suna sassauta ciwo, ba sa warkar da shi, dukansu kuma suna kashe sha'awa.

To wane ɗa ne zai zaɓar wa mahaifinsa tsakanin waɗannan? Kuma wane uba ne zai tambayi zancen shimfiɗa a gaban ɗan cikinsa? Kunya takan rufe bakin duka biyu, a sa hannu a takarda, sai an koma gida tsohon ya gane abin da aka yi masa. Wani daga nan ya yi fushi ya bar maganin gaba ɗaya.

Gara ƙane ko aboki sa'arsa ya shiga da shi wurin likita, ɗan ya jira a waje da kuɗi. A roƙi bayani da Hausa, ko da Barbarci ko Buzanci idan shi ya fi ji. Dattijo ya tambaya: idan ban yi kome ba, me zai faru? Sau nawa zan dawo, nawa zan biya? Yana da damar cewa a ba shi kwana biyu ya yi tunani, ya kuma nemi a rubuta wa majon garinsu abin da aka yanke, don shi ne zai riƙa canza robar bayan an koma gida.