Gidan Kapoor: Sana'ar Gado a Ƙasar Indiya

Kowa a cikinmu ya san finafinan Indiya, tun zamanin da iyayenmu ke cika gidajen silima a Kano da Kaduna har zuwa yau. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne labarin gidan Kapoor, inda wasan kwaikwayo ya zama gado kamar yadda ƙira ko jima take a wasu gidajenmu.

Tushen gidan shi ne Prithviraj Kapoor, wanda aka haifa a 1906. Yana cikin waɗanda suka fito a Alam Ara a 1931, fim na farko mai magana a Indiya. Amma shi ransa yana ga wasan dandamali. A 1944 ya kafa ƙungiyar Prithvi Theatres, suna yawo gari gari suna wasa har 1960, kuma kuɗin da yake samu a fim su yake zubawa a ciki. A nan 'ya'yansa uku, Raj da Shammi da Shashi, suka koyi aiki a gaban idonsa.

Babban ɗan, Raj Kapoor, ya kafa kamfaninsa a 1948. A fim ɗinsa Awaara na 1951, mahaifinsa ya fito a matsayin alƙali, ƙaninsa Shashi kuma ya fito a matsayin Raj yana yaro. To, amma sana'ar nan tana da hatsari. A 1970 ya fitar da Mera Naam Joker bayan shekaru yana aikinsa, jama'a suka juya masa baya, bashi ya hau kansa. Sai a 1973 ya sa ɗansa Rishi a fim ɗin Bobby, ya karɓu ƙwarai, gidan ya farfaɗo.

Matan gidan kuwa wata doka ce ta hau kansu. Babita da Neetu Singh duk shahararru ne, amma da suka auri 'ya'yan Raj sai suka ajiye sana'ar. Karisma, jikar Raj, ita ce ta karya wannan al'ada a 1991, ƙanwarta Kareena ta biyo ta a 2000.

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai a ganina wannan gida ya nuna cewa maganar tana da iyaka. Rajiv, autan Raj, fim ɗinsa na 1985 ya samu karɓuwa, amma tauraronsa bai daɗe ba. 'Ya'yan Shashi su ma sun gwada, ba su yi suna a fim ba, sai biyu daga cikinsu suka koma kula da gidan wasan da iyayensu suka gina a Bombay a 1978. Shi kansa wurin ɗaukar fim na Raj, gobara ta ci shi a 2017, aka sayar da filin a 2019.

Saboda haka gado yana buɗe wa yaro ƙofa, amma ba ya zaunar da shi a ɗaki. Ina roƙon iyayenmu su dubi abin da kowane yaro ya iya kafin su ɗora masa sana'ar gida, mu kuma kada mu jingina da sunan uba mu yi barci. Allah ya sa mu dace, amin.