Daga Kadawa Zuwa Tukunyarki: Me Ake Koya wa 'Ya'yanmu a Kan Sufuri?

   

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da saƙo. Ta ce 'yarta ta samu gurbi a jami'a, amma fannin da aka ba ta shi ne sufuri da jigilar kaya. Tun ranar gidan ba daɗi. Abokiyar zamanta ta yi dariya, ta ce za a yi 'yar kamasho mai digiri. Maigida kuma ya ce bai ga abin da mace za ta yi da karatun mota ba, gara ta haƙura ta sake jarrabawa baɗi. Ita kuma uwar ta rasa bakin kare 'yarta, don ita ma ba ta san mene ne karatun ba. To 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, yau za mu warware miki shi dalla-dalla.

Da farko dai, ba tuƙi ake koya musu ba. Tuƙi sana'a ce mai mutunci, amma wurin koyonta daban. Abin da ake koya wa waɗannan ɗalibai shi ne yadda za a tsara tafiyar mutane da kaya daga wuri zuwa wuri, su isa a kan lokaci, cikin aminci, da kuɗi kaɗan. Kuma ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Kin ji labarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Madugu uban tafiya shi ke sanin jakuna nawa za a ɗaure wa kaya, wane zango za a kwana, ina akwai ruwa, ina akwai 'yan fashi. Aikin madugu ne aka mayar aji, aka haɗa shi da lissafi da kwamfuta.

Ke kanki uwargida kina taɓa wannan aiki ba tare da kin taka ƙofar gida ba. Idan za ki aiki yaro, ai ba kya tura shi sayo gishiri ya dawo, ki sake tura shi sayo daddawa. Haɗa masa aiken kike yi, ki ce ya fara kai niƙa, kafin a gama ya biya wajen mai kayan miya, ya dawo da duka a tafiya ɗaya. Ɗalibin sufuri haka yake yi, sai dai shi yaran aikensa tireloli ne da jiragen ƙasa.

Yanzu kuma an ƙara wa karatun wata kalma, ana cewa sufuri mai ɗorewa. Ma'anarsa, a biya buƙatar tafiya ta yau ba tare da an ɓata wa jikokinmu iska da ƙasa ba, kuma ba tare da an bar talaka a baya ba. Dalili kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa wajen ƙona makamashi daga ababen hawa yake fitowa. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin wannan iska fiye da kilo 2. Ita ce ke taruwa a sama tana ƙara ɗumamar yanayi. Ban da ita kuma ga hayaƙin da ake shaƙa a kan titi, wanda ke tayar wa yara da tsofaffi tari da asma.

To yaya ake koyar da su? Malamai kan ɗora su a kan tambayoyi uku. Ta farko, wannan tafiyar dole ce, ko za a iya rage ta? Ta biyu, idan dole ce, akwai abin hawan da ya fi dacewa? Ta uku, wanda ake amfani da shi, yaya za a gyara shi ya rage ɓarna?

Mu ɗauki tumatirin miyarki mu gwada. Ana noma shi a Kadawa, a kai kasuwar Kwanar Gafan, a loda a mota sai Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000. A kwandon kaba ake zuba shi, a ɗora kwando kan kwando, na sama ya danne na ƙasa, ga zafin rana, ga gargadar hanya, ga shingaye. Kafin a sauke, mai yawa ya fashe ya yi ruwa. Kin ga an ƙona man dizal an ɗauko abin da za a zubar a juji. Kuma asarar ba ta tsaya kan ɗan kasuwa ba: manomi ake taya wa da arha, mai saye kuma a tsawwala masa.

Ɗalibar da aka ba wannan matsala za ta fara da tambaya ta farko: me zai hana a sarrafa wani kaso a nan kusa da gona, a busar ko a mayar da shi na gwangwani, ba sai ya yi doguwar tafiya ɗanye ba? Sai ta biyu: jirgin ƙasa fa? Jirgi ɗaya yana jan kayan tireloli masu yawa, da mai kaɗan idan aka raba a kan kowane buhu. Dogo ya iso Kano tun 1911, shi ya riƙa kwashe gyaɗar dala zuwa bakin teku, kafin a yi sakaci da shi kaya su koma kan kwalta. Sai ta uku: a canza kwando da akwatin roba mai ƙofofin shan iska, wanda idan aka jera, akwati ke ɗaukar nauyin akwati, ba tumatir ba. Sannan a nema wa motar lodin dawowa, kada ta juyo Arewa fayau tana shan mai a banza.

Ba a aji kaɗai suke zama ba. Akan fitar da su shataletale su ƙirga ababen hawa, su ga wane lokaci cunkoso ya fi yawa. Akan tura su sanin makamar aiki na wasu watanni a kamfanoni da ma'aikatu. A shekarar ƙarshe kowa ya zaɓi matsala guda ya yi bincike ya rubuta.

Wata za ta ce, ni da nake cikin gida, ina ruwana da wannan? Uwargida, ki tuna 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma naira 500 da wani abu cikin 'yan kwanaki. Ba ki da mota, ba ki je gidan mai ba, amma kwanon masara ya tashi, kuɗin cefane ya daina isa. Duk abin da ke cikin tukunyarki sai da ya hau mota kafin ya iso gare ki.

Ki tuna kuma da akwatin sanyi da masu rigakafi ke shigowa da shi gidanki. Yawancin allurai sai an ajiye su a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga inda aka yi su har zuwa hannun jaririnki. Idan sanyin ya yanke a hanya, maganin na iya lalacewa. Mai tsara wannan tafiya, wannan ilimin yake aiki da shi.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne naƙuda. Mata nawa muka rasa ba don babu asibiti ba, sai don babu abin da zai kai su cikin dare? Shi ya sa a wasu jihohin Arewa aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka horar da direbobin sa kai masu ɗaukar mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti. Wannan ma tsarin sufuri ne.

To idan maza kaɗai ne a teburin da ake tsara irin waɗannan abubuwa, wa zai tuna da mai goyo da yara biyu a hannu? Wa zai tuna matakalar bas ta yi wa mai tsohon ciki tsawo, ko tasha ba ta da makewayin mata? A 2005 da aka kawo Adaidaita Sahu a Kano, don mata aka kawo shi, saboda a raba su da hawa acaɓa a bayan namiji. Kin ga idan aka yi tunanin mace, har kamannin titi canzawa suke yi. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wuraren karatun ma ba nesa suke ba. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a Zariya, wadda aka kafa a 1986. Akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda aka aza harsashinta a 2019. Wuraren aiki kuma suna ƙaruwa: an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, inda ake sauke kwantenoni kamar a bakin teku. Ga ma'aikatun sufuri, ga rumbunan magunguna, ga kamfanonin abinci, ga koyarwa. Mafi yawan aikin na ofis ne, da biro da kwamfuta, mace na yinsa da hijabinta cikin mutunci. Abin da ake so dai yarinya ta riƙe lissafi da Turanci da kyau.

Saboda haka 'yar'uwa mai saƙo, kada ki yi jayayya da maigida, kada kuma ki tanka wa abokiyar zamanki. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo masa maganar cikin ladabi. Ki fara da abin da ya sani, wato kuɗin mota da tsadar cefane. Ki roƙe shi ya je makarantar da kansa, ya ga malaman sashen, ya ga masaukin ɗalibai mata, ya yi duk tambayar da ke ransa kafin ya yanke hukunci. A yi hanzari kuma, don rajista lokaci gare ta, gurbin da aka saki ba lallai ya dawo baɗi ba. Ki haɗa da addu'a, Allah ya zaɓa wa yarinya abin da ya fi alheri.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Uwargida, a gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.