Zagin Jarida, Tallar Kyauta

A 1997 wani ƙaramin kamfani mai suna DMA Design da ke garin Dundee a Birtaniya ya gama haɗa wasan bidiyo mai suna Grand Theft Auto. Hotunansa ba su da wani armashi, daga sama kake hango motoci suna yawo kamar kiyashi. Aikin mai wasa shi ne satar mota, da take mutane, da tsere wa 'yan sanda. Kamfanin da zai sayar da shi, BMG Interactive, sai ya ɗauko hayar Max Clifford, gwanin kai wa jaridun gulma labari mai yaji. Abu ɗaya aka sa shi: ya tabbata manya sun ji labarin wasan, ransu ya ɓaci. Ya kuwa ɓaci. Tun wasan bai shiga kasuwa ba aka tayar da maganarsa a majalisar dattawan Birtaniya, jaridu suka yi ca a kansa. Yaron da bai taɓa jin sunan ba ya ji shi daga bakin masu neman a hana shi.

Ba Clifford ya fara gano wannan ba. A 1993, da aka fito da wasan Mortal Kombat na gida, Nintendo ta goge jinin da ke ciki ta mayar da shi gumi, ita kuwa Sega ta bar wasu lambobin sirri da in ka danna jinin zai dawo. Na Sega ya fi ciniki. A Disambar shekarar sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka kira kamfanonin gaban majalisar Amurka, abin da ya haifar da hukumar ESRB mai tantance shekarun da suka dace da kowane wasa a 1994. Da kashi na biyu ya fito, Nintendo ta bar jininsa. Kunya ta sha kaye a hannun kasuwa.

In ka lura, mutum uku ne ke ci a kwano ɗaya. Ɗan jarida na son kanun da zai sayar da takarda, ɗan siyasa na son a gan shi yana kare tarbiyya, mai sayar da wasa na son sunansa a bakin kowa ba tare da ya biya ko sisi ba. Uba ya karanta labarin ya ga gargaɗi, ɗansa ya karanta ya ga talla.

Amma abin na da iyaka, kuma iyakar ƙofar kanti ce. A 2005 aka tono wani ɓoyayyen sashe na batsa a cikin Grand Theft Auto: San Andreas, wanda aka yi wa laƙabi da Hot Coffee. Hillary Clinton, tana sanata a lokacin, ta nemi a yi bincike. ESRB ta mayar da wasan na manya zalla, matakin da manyan kantuna irin su Walmart ba sa sayarwa. Aka kwashe shi daga kan kanta, kamfanin Take-Two mai wasan ya tafka asarar fiye da dala miliyan 24, ga ƙararraki a kotu. Surutu ya yi surutu, amma babu inda za a saya.

Akwai kuma masu surutun da babu kaya a bayansa. A 2002 kamfanin Acclaim ya ce zai biya iyalai don ya liƙa tallar kashi na biyu na wasansa Shadow Man a jikin duwatsun kaburbura. An yi ta magana, amma kamfanin ya durƙushe a 2004. Kamfanin EA kuwa, a bikin baje kolin E3 na 2009 a Los Angeles, ya rasa masu fushi da wasansa Dante's Inferno, sai aka yi hayar mutane suka riƙe kwalaye kamar masu kishin addinin Kirista suna la'antarsa. Ba a yi kwanaki ba asiri ya tonu, kamfanin ya amsa da bakinsa.