Rumfar da Ake Kankare Bayan Baka

A wata rumfar sassaƙa da ke wani ƙauye a kudancin Ingila, ba a ba sabon yaro wuƙa sai ya iya duba itace. Sandunan yin baka suna jere can kusa da rufi, an shafe bakin kowace da kakin zuma don kada ta tsage, wasu sun shekara uku suna shan iska. Duka na bishiyar yu ne, wadda mutanen Ingila suka riƙa yin dogon bakan yaƙi da ita.

Itacen yu launi biyu ne: fari daga waje, ja daga ciki. Farin yana jure miƙewa, shi ya sa yake zama bayan baka, wato gefen da ke fuskantar abin harbi. Jan kuwa matsi yake jurewa, sai ya fuskanci maharbi.

A bayan bakan ne aikin yake cin rai. Maigidan rumfa yakan ɗaure sanda, ya ɓare ɓawo, ya rage farin da wuƙa mai mariƙi biyu har ya kusa milimita 6. Daga nan sai kankara. Kowace shekara bishiya tana ƙara layi ɗaya a jikinta, shi kuma layi guda zai zaɓa ya bi tun daga wannan kai har wancan, ba tare da ya yanke shi ba. Inda ya tarar da ƙullin reshe, yakan kewaye ya bar masa ɗan tudu. Layin yu siriri ne ƙwarai, don haka kusa da taga ake aikin, inda haske ke faɗowa a karkace, kowa da takunkumi saboda itacen na da guba. Wuƙa ta zarce, to an bar wa bakan rauni, kuma sau da yawa daga nan yake tashi ranar da aka ja tsarkiya.

Masu rumfar suna yawan ambaton Mary Rose, jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982. An samu bakunan yu sama da 130 a cikinsa, da farin bayansu, kuma awonsu masassaƙan yau ke kwaikwayo.

Da zarar bayan ya yi sumul, ba a ƙara kai masa ƙarfe. Duk sauran ragi daga cikin baka, wato jan gefen, ake yin sa.