Fom ya ce an aika, akwati ya ce bai gani ba

Duk mai sana'ar da ya sa fom ɗin tuntuɓa a shafinsa na intanet, wata rana sai ya ji an ce masa: "Alhaji, tun makon jiya na turo saƙo, shiru kake ji." A duba akwatin imel, wayam. Nan take masana za su yi yawa. Wannan ya ce kutse aka yi, wancan ya ce Google ne ya tsani 'yan Najeriya, wani kuma ya ce a cire manhajar tsaro kowa ya huta. Wasu daga cikin maganganun suna da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa ko tushe ba su da shi.

Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce wai idan fom ya nuna an aika, to saƙo ya isa. Ba haka ba ne. Abin da fom ke nufi shi ne ya miƙa saƙon ga sabar da shafin ke zaune a kai, ta kuma karɓa. Abin da ya faru bayan nan, bai sani ba. Masu amfani da Contact Form 7 a WordPress suna da alama mai amfani: koren layi na nufin an miƙa, ja na nufin sabar ta kasa aikawa, ruwan lemo kuma na nufin shafin da kansa ya ɗauki saƙon a matsayin na banza ya tare shi tun daga ƙofa. Ashe shingen biyu ne, ɗaya a bakin fom, ɗaya a bakin akwati, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sannan wannan manhaja ba ta ajiye kwafi. Idan ba a haɗa ta da wata kamar Flamingo ba, saƙon da ya ɓace ya tafi ke nan.

Batun kutse kuwa, yana faruwa, amma shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga. Mafi yawan lokaci laifin na gida ne, kuma yana cikin layin da ke nuna wanda ya aiko. Masu haɗa shafi da yawa suna saita fom ya sa adireshin baƙo a matsayin mai aikawa, don maigida ya danna amsa kai tsaye. Dabara ce mai kyau a ido. Sai dai ka duba yadda Gmail zai ga abin: ga wasiƙa ta ce daga Yahoo take, amma ta fito ne daga wata sabar haya da Yahoo bai taɓa ba izini ba. Tamkar ɗan aike ne ya zo da takarda da sunan Hakimi, babu hatimi, kuma fada ba ta san shi ba. A watan Afrilun 2014 Yahoo ya sanar da duniya, ta tsarin DMARC, cewa duk wasiƙar da ta zo da sunansa ba ta hanyarsa ba a ƙi karɓarta, AOL ma ya bi sahu. Tun daga lokacin wannan dabara ta zama tarko, amma har yau ana koya wa yara masu haɗa shafi ita. Gyaran bai wuce minti kaɗan ba: mai aikawa ya zama adireshi mai ɗauke da sunan shafinka, adireshin baƙon kuma a sa shi a layin mayar da amsa.

Akwai masu cewa dokokin da Google da Yahoo suka fara aiki da su a watan Fabrairun 2024 na manyan kamfanoni ne kawai. Rabin gaskiya ke nan. Masu tura wa Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana su ne aka wajabta wa SPF da DKIM da DMARC gaba ɗaya. Amma kowa, ko mai shagon atamfa da ke samun saƙo uku a mako, sai ya kasance da SPF ko DKIM. SPF jerin sabobin da ka yarda su aika da sunanka ne. DKIM kuma sa hannu ne na sirri da ake liƙa wa kowace wasiƙa. WordPress a yadda ya zo yakan aika ta hanyar PHP, wadda a sabar haya sau da yawa ba ta sa hannun, shi ya sa ake ba da shawarar a bi ta SMTP da asusun imel na gaske. A kula, sunan shafi ɗaya bayanin SPF ɗaya yake ɗauka. Wanda ya sa biyu don ƙarin tsaro ya lalata duka.

Cewa kalma ɗaya kamar kyauta ko kuɗi ita ke jefa saƙo cikin shara, tsohon zance ne. Manhajoji irin su SpamAssassin maki suke tarawa daga alamomi da yawa, a SpamAssassin sai ya kai 5 a saitin asali kafin a yanke hukunci.

To, batun Najeriya fa? A nan ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Akwai masu shafuka a waje da ke toshe ƙasa sukutum, kuma zaɓinsu ne, ba umarnin Google ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan yawa. Kamfanonin waya kan haɗa mutane masu ɗimbin yawa a kan lambar IP ɗaya, don haka idan wasu suka yi ɓarna, baƙin jinin ya shafi kowa. Nau'i na uku na reCAPTCHA, manhajar da ke bambanta mutum da butum-butumi a bakin fom, wanda ya fito a 2018, ba ya tambayar kowa ya zaɓi hoton mota. A ɓoye yake ba baƙo maki daga 0 zuwa 1, shafuka da yawa kuma suna yanka a 0.5. Mutumin kirki a Kano da ke kan datar waya, ko ya kunna VPN, yana iya faɗuwa ƙasa da haka bai san hawa ba bai san sauka ba. Shafin ma yana iya cin wannan tsiya idan maƙwabcinsa a sabar haya ya jawo aka sa lambarsu a jerin masu baƙin jini na Spamhaus.

Masu cewa a cire tsaron baki ɗaya, su ne shawararsu ta fi hatsari. Fom ɗin da ke tura wa baƙo kwafin saƙonsa, idan aka bar shi a buɗe, 'yan damfara za su mayar da shi injin watsa tallarsu da sunanka, kuma kai za a toshe. Gara a sassauta makin, ko a bar reCAPTCHA a koma Turnstile na Cloudflare, ko a sa ɓoyayyen gurbi wanda mutum ba ya gani amma butum-butumi ke cikewa ya tona kansa.

Kafin a kira kowa, a cika fom ɗin da kai, a buɗe saƙon a Gmail ta kwamfuta, a danna ɗigo ukun nan a zaɓi "Show original". Waɗanda aka saita daga cikin SPF da DKIM da DMARC za su fito a jere, kowanne da sakamakonsa, ya ci ko ya faɗi. Idan saƙon bai bayyana ba, a leƙa akwatin Spam da wuri, domin Gmail na share abin da ya kwana 30 a ciki.