Fenti Mai Auna Matsin Iska: Matsalar Saurinsa

Kafin a ƙera jirgin sama, wajibi ne masana su san irin matsin da iska za ta yi wa kowane sashe na jikinsa. Hanyar da aka saba ita ce a yi ɗan samfurin jirgin, a huda ƙananan ramuka a jikinsa, a haɗa kowane rami da na'urar awo, sa'an nan a sa shi cikin babban bututun da a ke hura iska. Aibin wannan hanya shi ne ramin da aka huda kaɗai ke ba da labari. Abin da ke faruwa tsakanin rami da rami kuwa sai dai a yi kirdado.

Wannan giɓi ne ya sa aka ƙirƙiro fenti mai jin matsi. A cikinsa akwai wani sinadari mai ƙyalli idan an haska shi da shuɗin haske, amma iskar oksijin tana dusashe ƙyallin nan. Da ya ke oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar duniya, duk inda matsi ya ƙaru, oksijin na ƙaruwa, ƙyalli kuma na raguwa. Saboda haka hoton kyamara kan nuna matsin fiffike baki ɗaya. Lissafin da a ke bi wajen fassara hoton ya samo asali daga aikin Otto Stern da Max Volmer a Jamus a 1919. Fentin kansa kuwa an raya shi a shekarun 1980, a cibiyar TsAGI ta Rasha, da kuma Jami'ar Washington tare da hukumar NASA a Amurka.

Sai dai fentin farko yana da nawa. An cuɗa sinadarin cikin wani danƙo, kuma dole oksijin ta ratsa danƙon kafin ƙyalli ya sake, abin da kan ci wajen sakan guda. Alhali kuwa iskar da ke jijjiga fiffike ko roka tana iya sauyawa sau dubbai cikin sakan ɗaya. Abin lura a nan shi ne, idan aka ninka kaurin fenti sau biyu, jinkirinsa kan ninka sau huɗu.

Maganin da aka samo shi ne a buɗe wa iska ƙofofi, watau fenti ya zama kamar randar ƙasa mai tsatsafo, maimakon kwanon da aka shafe. Masu bincike, musamman a Japan, sun yi amfani da alminiyon da wutar lantarki ta yi wa ƙananan kafofi, suka liƙa sinadarin a cikinsu. Waɗansu kuma suka gauraya danƙo kaɗan da garin farin ma'adini mai yawa. Ta haka jinkirin ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Amma kowane sauri da farashinsa. Yawan kafofi na rage hasken fentin, zafi na rikita awonsa, kaushinsa kuma na iya sauya tafiyar iskar da a ke son aunawa. Duk da haka NASA ta shafa irin wannan fenti a samfurin rokarta SLS a cibiyar Ames, domin ta ga inda jijjiga ta fi tsanani. Rokar ta fara tashi a 2022.