Nasara shida: abin da ke hana magoya bayan ƙwallon jami'o'in Amurka barci a watan Nuwamba

Ranar Asabar 23 ga Nuwamba 2024, da alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a filin Memorial da ke birnin Lincoln, babbar alkaryar jihar Nebraska, dubban ƴan kallo sanye da jajayen kaya sun tsallake shinge sun cika filin maƙil. Baƙon da ya ga wannan murna sai ya ɗauka ƙungiyar jami'ar ta ɗauki kofin ƙasa. Ba kofi ba ne. Ta doke Wisconsin ne da ci 44 da 25, kuma wannan ce nasararta ta shida a kakar wasan.

A ƙwallon jami'o'in Amurka, lamba shida ita ce iyaka tsakanin ƙungiyar da za ta ci gaba da wasa cikin Disamba da wadda za ta naɗe kayanta. Wasan da ake magana a kai ba tamaula ba ce irin ta Mena ko ta Barcelona. Wata ƙwallo ce mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita ko a jefa da hannu, ƴan wasa kuma na sanye da hular kwano da sulke saboda karo. Manyan jami'o'in ƙasar, su 134 a shekarar 2024, kowace tana buga wasa 12 daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Wadda ta ci aƙalla shida ta cancanci a gayyace ta zuwa ɗaya daga cikin wasannin bayan kaka da ake kira bol.

Sunan ya samo asali ne daga siffar filin wasa mai zurfi kamar akushi. Na farkon irin waɗannan wasanni an buga shi a Pasadena ta jihar Kalifoniya a 1902, inda Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema. Shi ne daga baya ya zama Rose Bowl. Sannu a hankali birane masu ɗumi lokacin hunturu suka gane cewa wasan na jawo baƙi masu cika otel da gidajen abinci, sai kowa ya kafa nasa. A 2024 ƙungiyoyi fiye da 80 ne suka samu gurbi, 12 daga cikinsu a gasar neman kofin ƙasa, sauran a wasannin da kamfanoni ke ɗaukar nauyi suna liƙa musu sunayensu. Akwai wanda kamfanin mayonis ke ɗaukar nauyinsa, inda al'ada ta zama a juye wa kocin da ya yi nasara bokitin mayonis a ka.

Masu suka na cewa wasannin sun yi yawa har sun zube daraja, tun da ƙungiyar da ta ci rabi ta faɗi rabi ma tana samun gayyata. Da gaskiyarsu ta wani fanni. Sai dai wanda bai taɓa rasa abu ba ne ke raina shi, kuma mutanen Nebraska sun rasa.

Jihar tana da mutane kimanin miliyan biyu, yawancin ƙasarta gonakin masara ne da wuraren kiwon shanu, kuma ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL. Saboda haka ƙungiyar jami'a, wadda ake wa laƙabi da masu ɓarar masara, ita ce ta kowa da kowa. Tun 1962 ba a buga wasa da ƴan kallo a filin Memorial ba tare da tikiti ya ƙare ba, kuma a Satumban 2024 aka cika karo na 400 a jere. Filin na ɗaukar mutum fiye da 85,000. Ranar wasa, in ka cire biranen Omaha da Lincoln, babu garin da ya kai filin yawan jama'a a duk faɗin jihar.

Tarihin ƙungiyar ne ya ƙara wa ciwon zafi. Ta ɗauki kofin ƙasa sau biyar: 1970, 1971, 1994, 1995 da 1997, ukun ƙarshe a ƙarƙashin koci Tom Osborne. Daga 1969 zuwa 2003 ta yi shekara 35 a jere tana zuwa bol. Dattawan da suka ga wannan zamani ba sa ma lissafin nasara shida, tambayarsu ita ce wane babban wasa za a je.

Bayan wasan Music City na Disamban 2016, wanda Tennessee ta doke su, sai ƙofa ta rufe. An kori koci Mike Riley a 2017, aka ɗauko Scott Frost, ɗan jihar wanda ya jagoranci ƴan wasan da suka ci kofin 1997. An tarbe shi kamar ɗan da ya dawo ya gyara gidan ubansa, amma bai taɓa kai ƙungiyar ga nasara shida ba. A 2021 ta ci uku ta faɗi tara, kuma duka taran da ƙaramar tazara ne, irin faɗuwar da ta fi cin rai. A Satumban 2022 jami'ar ta sallame shi, ta biya shi dala miliyan 15 kuɗin soke kwantiragi.

Zuwan Matt Rhule bai kawo sauƙi nan take ba. A 2023 ƙungiyar ta shiga Nuwamba da nasara biyar, saura ɗaya tak, da wasa huɗu a gabanta. Ta faɗi duka huɗun, uku daga ciki da tazarar maki uku kacal. A 2024 ta sake kai nasara biyar tun farkon Oktoba, da sabon ɗalibi Dylan Raiola a matsayin mai jefa ƙwallo. Sai Indiana ta yi mata 56 da 7, sannan Ohio State da UCLA da USC suka bi sahu. Magoya baya sun soma ganin bara na maimaita kanta. Wannan fargaba ce ta fashe ta zama murna ranar wasan Wisconsin, ƙungiyar da ta doke su sau goma a jere kafin ranar.

Abin da ake samu daga gayyatar ya wuce murna. Ƙungiyar da ta cancanta na samun ƙarin makonni na atisaye cikin Disamba, lokacin da dokar gasar ta taƙaita wa sauran irin wannan horo, kuma koci kan yi amfani da su wajen gwada matasan da za su buga baɗi. Akwai kuɗin da masu shirya wasan ke biya, wanda galibi ke shiga asusun rukunin da jami'ar ke ciki a raba. Kwantiragin koci da yawa na ɗauke da ladan kai ƙungiya bol. Sannan akwai batun zawarcin ɗalibai: yaron sakandare mai hazaƙa da jami'o'i goma ke nema yana duba wadda ake nunawa a talabijin lokacin hutun ƙarshen shekara. Ga ɗaliban shekarar ƙarshe kuwa, waɗanda mafi yawansu ba za su shiga NFL ba, wannan ne wasansu na ƙarshe a rayuwa.

Cin shida ɗin ma ba ya kawo ƙarshen zulumi, don ƙungiya ba ta zaɓar inda za ta je. Masu shirya wasannin ne ke zaɓe bisa yarjejeniyar da suka ƙulla da rukunoni, kuma suna la'akari da jami'ar da magoya bayanta za su sayi tikiti su cika otel, fannin da Nebraska ta yi suna a kansa. Sai farkon Disamba ake sanar da jadawalin, kafin nan iyalai na ta lissafin kuɗin jirgi ba su san ko Florida za su ko wani gari mai ƙanƙara ba. Wani lokaci ma ƙa'idar kan sassauta: idan masu nasara shida ba su cike gurabe ba, akan ɗauko masu biyar bisa ƙoƙarin ƴan wasansu a karatu. Ta wannan ƙofa Nebraska ta shiga a 2015, har ta doke UCLA.

Darajar ƙananan wasannin na fuskantar barazana. Fitattun ƴan wasa da ke shirin shiga NFL sukan ƙi bugawa don gudun rauni, wasu kuma na sauya jami'a tun kafin ranar wasan, faɗaɗa gasar kofin ƙasa zuwa ƙungiya 12 kuma ta janye hankalin ƴan kallo zuwa can.

Nebraska ba ta samu gari mai ɗumi ba. An tura ta wasan Pinstripe a filin Yankee da ke New York, inda ranar 28 ga Disamba 2024 ta doke Boston College da ci 20 da 15, ta rufe shekara da nasara bakwai da faɗuwa shida, karon farko tun 2016 da nasarorinta suka fi yawa. Ita kuwa Wisconsin, mako guda bayan wasan Lincoln ta sake faɗuwa a hannun Minnesota, ta tsaya a nasara biyar, abin da ya katse mata shekara 22 a jere tana zuwa bol.